Idan Mai Karatun Na'ura Ne: Auna Takardar Bayanin Manhajojin Gyaran Hoto



Duk mai son ƙirƙirarriyar basira ta gyara masa wani sashe na hoto, ta bar masa sauran yadda yake, dole ne ya nuna mata wurin. Yadda ake yi shi ne a haɗa da hoto na biyu mai girma daidai da na farko, wanda aikinsa kawai shata iyakar inda za a taɓa. A kira shi hoton shata. A manhajar Stable Diffusion, wadda kamfanin Stability AI ya saki a watan Agustan 2022, idan aka yi aiki da ita ta kayan aikin diffusers na Hugging Face, fari a hoton shata yana nufin a sake zana nan, baƙi kuma a bar nan. A wurin kamfanin OpenAI launi bai shigo maganar ba sam. Hoton shata zai zama PNG, kuma wurin da aka goge ya zama fanko, ba fari ba baƙi, shi ne za a gyara. Tsohuwar ƙofar manhaja ta Stability kuwa, wato hanyar da wasu manhajoji ke bi su kira manhajarsa, zaɓi uku ta shimfiɗa, fari ko baƙi ko fanko, mai aiki ne zai faɗi wanda yake nufi.

A ɗauka wata mai sayar da atamfa da leshi a intanet tana da hotunan kaya 300, duk an ɗauke su a jikin wani bango da fentinsa ya soma ɓarewa. Ta ba wa wakilin na'ura aikin ya sauya bangon ya bar kayan. Wakilin ya saba da dokar fari, sai ya tarar da manhajar da ke bin dokar baƙi, takardar bayaninta kuma ba ta ce uffan ba. Abin da zai fito hotuna 300 ne masu bango ɓararre yadda yake, da atamfofi masu zanen da babu shi a shagonta, babu shi a kowace masaƙa. Manhajar za ta ce aiki ya kammala, wakilin zai ce aiki ya kammala, kuɗin kuma an riga an cire.

Wannan shi ne batun laccar. Ta yaya za a gane cewa takardar bayanin wata manhajar gyaran hoto ta wadatar, a zamanin da mai karanta ta sau da yawa na'ura ce?

Wakili a nan yana nufin manhajar ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT ko Claude ko Gemini, wadda aka ba wa dama ta fita daga hira ta shiga aiki: ta kira wata manhaja, ta karɓi amsa, ta duba, ta yanke abin da za ta yi na gaba. Abin bai daɗe ba. A watan Yunin 2023 OpenAI ya buɗe hanyar da masu rubuta manhaja za su bayyana wa basirar kayan aikinsu don ta riƙa kiransu. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, hanya ɗaya ta gama-gari ta haɗa wakili da kowane kayan aiki, a 2025 kuma OpenAI da Google suka rungume ta. A tsarin MCP kowane kayan aiki yana gabatar da kansa da abubuwa uku: suna, da taƙaitaccen bayani cikin jumloli, da jadawalin abubuwan da yake karɓa. Sau da yawa wannan ne duk abin da wakilin zai gani. Shafi mai hotunan misali, da bidiyon koyarwa, da jan rubutun gargaɗi da aka maƙala a gefe, duk an bar su a baya.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Mai rubuta manhaja da ya ga duhu a takarda zai tambayi abokin aiki, ko ya gwada da hoto ɗaya ya kalla da idonsa, ko ya tashi ya sha iska ya dawo. Wakili ya fi kama da yaron da aka aika wurin tela da yadi da 'yar takarda. Idan takardar ta ce tsawon hannu 24 ba ta ce inci ko santimita ba, yaron ba zai juyo gida ba. Zai zaɓi wanda ya fi saba ji, ya faɗa wa tela da cikakken ƙarfin gwiwa, almakashi kuma ya shiga yadi. An gina waɗannan manhajoji ne su cike gurbi da abin da ya fi yiwuwa, saboda haka duk inda takarda ta yi shiru, zato ne zai zauna a wurin.

Wannan matsala ta shafi kowane irin kayan aiki, amma a gyaran hoto ta fi muni, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa. Idan wakili ya nemi bayanin wani asusu da lambar da ba daidai ba, amsa za ta dawo da kuskure bayyananne. A tsarin intanet kowace amsa tana da lamba: 200 na nufin an yi, 400 na nufin buƙatarka ba ta yi daidai ba, 401 na nufin ba a san ka ba, 429 na nufin ka cika yawan kira ka dakata, 500 na nufin matsalar daga can ce. Wakili ya iya karanta waɗannan ya gyara tafiyarsa. Manhajar hoto kuwa kusan kullum tana da abin da za ta miƙo. Ko umarnin ya karkace, ko shatar ta juye, hoto zai fito, mai kyan gani ma, da lamba 200 a goshinsa. Kuskuren yana cikin hoton, inda lambar amsa ba ta kaiwa.

Misalan irin wannan shirun ba su da wuyar samu. Stable Diffusion na farko-farko yana karanta umarni ne ta wata manhaja mai suna CLIP, wadda ba ta ɗaukar fiye da gutsattsarin rubutu 77. Abin da ya wuce haka a kayan aikin diffusers yanke shi ake yi a zubar, sai ɗan gargaɗi da ake rubutawa a inda wakili ba lallai ya gani ba. Wakilai kuwa sarakunan dogon umarni ne, kuma sukan ajiye muhimmin sharaɗi, kamar kada a taɓa fuskar mutumin, a can ƙarshe, daidai inda wuƙar za ta faɗa. A wurin OpenAI iyakar ta bambanta da kowace manhaja: haruffa 1,000 ga DALL-E 2, 4,000 ga DALL-E 3, 32,000 ga gpt-image-1. Takardar da ba ta faɗi iyakarta ba, ba ta kuma faɗi abin da ke faruwa idan an wuce ta, ta bar rami a tsakiyar hanya.

Ga wani. Stable Diffusion ya zo da mai gadi da ke duba hoton da aka zana ko akwai batsa. Idan ya yi zargi, abin da yake mayarwa baƙin hoto ne wuluk, tare da wata 'yar alama a gefe. Mutum yana gani zai gane. Wakilin da ba a gaya masa ya duba alamar ba zai ajiye baƙin fili a matsayin kammalallen aiki ya wuce na gaba. OpenAI yana ƙin irin wannan buƙata da saƙon kuskure. Kamfanin Black Forest Labs na ƙasar Jamus, mai manhajar FLUX, yana da matsayi daban da ke nuna ko buƙatar aka tace ko sakamakon. Gemini na Google yakan mayar da amsa ba hoto, da dalilin tsayawa a wani gurbi na musamman. Kamfani huɗu, hanyar cewa a'a huɗu. Wakilin da bai san bambancin "na ƙi" da "na gaza" ba zai yi ta maimaita buƙatar da ba za a taɓa karɓa ba.

Sai batun wuri. Cewa a gyara akwatin da ke 120, 80, 400, 300 ba shi da ma'ana sai an san tsarin ƙirga. A tsarin Pascal VOC waɗannan kusurwa biyu ne, ta sama hagu da ta ƙasa dama. A tsarin COCO biyun farko kusurwa ce, biyun ƙarshe faɗi da tsawo. YOLO yana farawa daga tsakiyar akwatin, kuma lambobinsa tsakanin 0 da 1 suke. Gemini yana ba da nasa a ma'aunin 0 zuwa 1,000, kuma yana fara faɗin na tsaye kafin na kwance. Wakili ɗaya yana iya karɓar akwati daga manhajar da ke gano abubuwa a hoto ya miƙa wa manhajar da ke gyara, kowacce da nata lissafin. A kan wannan kuma ga halin wayar salula, wadda takan ajiye hoto a kwance ta rubuta a cikin bayanan EXIF cewa a miƙar da shi yayin nunawa. Wata manhajar tana bin wannan rubutu, wata ba ta bi. Idan mai shata ta bi, mai gyara ba ta bi ba, wurin da aka nuna a kan hula zai faɗa a kan kafaɗa. Jumla ɗaya a takarda ta isa ta kashe wannan matsala, kuma abin mamaki ne yadda ake tsallake ta.

Bayan hoto ya fito, ina yake? DALL-E ya kasance yana ba da adireshin hoto da ke aiki na minti 60. Wanda ya gaje shi, gpt-image-1, da aka buɗe wa masu manhaja a Afrilun 2025, ba ya ba da adireshi, yana turo hoton ne kansa a matsayin dogon jerin haruffa. Black Forest Labs ba ya amsawa nan take: zai ba da lambar aiki da wurin da za a riƙa leƙawa, idan ya gama ya ba da adireshin da ke mutuwa bayan minti 10. Kamfanin Replicate yana share fayilolin da aka samar ta ƙofar manhajarsa bayan awa ɗaya. Dukkan kamfanonin nan sun rubuta wannan a shafukansu, kuma sun kyauta. Tambayar mai aunawa ita ce ko wannan jumla ta iso cikin ɗan bayanin da wakili ke gani. Idan ba ta iso ba, wakili zai yi aikin dare, ya jera adireshi 300 a rahoto, mai kaya ta tashi da safe ta tarar duk sun mutu.

Dogon jerin haruffan nan ma yana da tasa illar. Wakili yana da iyakar rubutun da zai iya riƙewa a lokaci guda. Hoto ɗaya da aka zubo masa a matsayin rubutu yana iya cinye wurin kaf, ya manta ma aikin da aka sa shi. Kayan aiki mai hankali yana ajiye hoton ya ba da sunan fayil, takardarsa kuma ta faɗi haka.

Kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Lokacin da Google ya fitar da Gemini 2.5 Flash Image a Agustan 2025, wanda jama'a suka fi sani da Nano Banana, farashin hoto ɗaya kusan dala 0.039 ne. Hotuna 300 za su ci ƙasa da dala 12. Wakilin da ke sake kira duk lokacin da amsa ta yi jinkiri zai ninka wannan sau uku ba tare da kowa ya lura ba, alhali OpenAI da kansa ya rubuta cewa umarni mai sarƙaƙiya yana iya kaiwa minti 2. A gpt-image-1 tazarar farashi tsakanin ƙaramin inganci da babba ta kai ninki tara ko fiye. Takarda ta gari tana faɗin tsawon jira, da ko kiran da aka maimaita ana sake cajinsa, da matakin da manhajar ke ɗauka idan ba a zaɓa mata ba.

Akwai abin da ya fi waɗannan duka ɓuya, wato manhajar da ke sauya umarni kafin ta yi aiki da shi. DALL-E 3 ya kasance yana sake rubuta umarnin da aka ba shi, amma yana mayar da sabon rubutun a cikin amsa, don haka wakili zai iya kwatantawa. Wannan gaskiya ce da ta cancanci yabo. A Fabrairun 2024 Google ya dakatar da zana hotunan mutane a Gemini, bayan da gyaran da aka yi masa a ciki domin ya nuna mutane iri-iri ya sa yana fitar da hotunan tarihi da ba su yi daidai ba. Masu amfani ba su ga wannan gyara ba, sakamakonsa kawai suka gani. Haka nan takardar OpenAI ta fito fili ta ce a gpt-image-1 hoton shata jagora ne kawai, manhajar ba lallai ta bi iyakarsa daidai wa daida ba. Wannan jumla ɗaya ta fi shafi goma na talla amfani, domin tana gaya wa wakili cewa idan ana son sauran hoton ya tsira, sai ya yanko wurin da aka gyara ya liƙa a kan na asali da kansa. Takardar da ke faɗin raunin manhajarta ita ce ta fi cancantar maki, ko da sashen talla na kamfanin bai ji daɗi ba.

Duk abin da aka lissafa zuwa nan, mutum zai iya zama da biro ya duba ko akwai ko babu. Wannan dubawa tana da amfani, amma tana da yaudara. Mai dubawar ƙwararre ne, kuma idonsa yana cike gurbi ba tare da ya sani ba. Ya ga an ce a haɗa hoton shata, ƙwaƙwalwarsa ta ƙara masa cewa fari ne ake gyarawa, ya ba da maki ya wuce. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne a miƙa takardar ga wakilin da bai san komai game da aikin ba, a ba shi ayyuka na gaske, a zauna a ƙirga.

Ayyukan su zama irin na kasuwa: cire mutum daga bayan hoto, sauya launin riga a bar fuska, faɗaɗa hoton tsaye ya zama na kwance, gyara hoto goma a jere da salo ɗaya. A cusa wasu da gangan masu tarko, kamar hoton waya da ke kwance, da fayil da ya wuce girman da aka yarda, da buƙatar da aka san za a ƙi. Sannan a lura da abubuwa kaɗan. Sau nawa kiran farko ya yi daidai? Idan ya kuskure, saƙon kuskuren ya isa ya gyara a kira na biyu, ko sai ya yi ta lalube? Sau nawa ya ƙirƙiro wani zaɓi da babu shi? Nawa aka kashe? Na ƙarshe, wanda ya fi kowanne nauyi: sau nawa ya ce ya gama alhali hoton ya lalace? Kuma kowane aiki a maimaita shi sau da yawa, domin wakili da manhajar hoto duka biyun ba sa ba da amsa ɗaya a kira biyu. Nasara sau ɗaya tana iya zama dace.

Gane lalacewar hoto shi ne wuri mai wuya. Wani ɓangare lissafi ya ishe shi: a ɗora sabon hoto a kan tsohon, a ƙirga ɗigogin da suka sauya a wajen shata, a duba girman da siffar fayil. Wani ɓangaren, kamar ko fuskar har yanzu ta mai ita ce, ana ba wa wata basirar mai gani ta yi alƙalanci. Wannan hanya tana da arha da sauri, amma alƙalin na'ura yakan ruɗu da hoto mai ƙyalli, ya kasa lura an sauya zanen atamfa ko an ƙara yatsa. Dole mutum ya ɗebi wani kaso ya kalla da idonsa, idan ba haka ba na'ura ce ta rubuta jarrabawa, na'ura ta yi makin, kowa ya tafa.

Akwai kuma tarkon hadda. Manyan manhajojin nan sun karanta tsofaffin takardun fitattun kamfanoni tun a lokacin horo. Wakili zai iya cin jarrabawar ba don takardar ta yi kyau ba, sai don ya haddace tsohuwar. Ko kuma akasin haka: haddar ta rinjayi sabon bayani, ya riƙa neman adireshin hoto daga gpt-image-1 don haka DALL-E yake yi, ko ya tura hoton gyara ga DALL-E 3, wanda ba ya karɓar aikin gyara ta wannan ƙofa. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna wannan a 2023 a aikinsu mai suna Gorilla: basirar tana ƙirƙiro kiran da babu shi, kuma ɗauko mata takardar bayani a lokacin aiki yana rage hakan. Maganin a wurin gwaji mai sauƙi ne. A yi jarrabawar sau biyu, ɗaya da takarda, ɗaya babu. Tazarar da ke tsakanin makin biyu ita ce ainihin abin da takardar ta ƙara. Mai son tsanantawa sai ya sauya sunayen zaɓuɓɓukan a gwajin, yadda hadda ba za ta yi aiki ba.

Idan an ga inda wakilai ke tuntuɓe, gyaran ba kullum a rubutu yake ba. Anthropic ya ba da labari a Disamban 2024 cewa a lokacin da yake shirya wakili domin jarrabawar SWE-bench ta gyaran manhaja, ya ɓata lokaci a kan kayan aikin fiye da kan umarnin. Wakilin yana kuskuren wurin fayil idan ya sauya babban fayil da yake ciki, sai aka gyara kayan aikin ya daina karɓar komai sai cikakken adireshi, kuskuren ya tafi. Darasin ya hau kan hoto daidai. Maimakon sakin layi uku na gargaɗi kan girman hoton shata, kayan aikin ya ƙi karɓa ya ce hotonka 1,024 ne a 1,536, shatarka 1,024 a 1,024, daidaita su. Ga wakili, saƙon kuskure sashe ne na takardar bayani, kuma shi ne sashen da ake karantawa a daidai lokacin buƙata. Ƙa'idar intanet mai lamba RFC 9457 ta 2023 ta riga ta tsara yadda za a rubuta irin wannan saƙo ta hanyar da na'ura za ta fahimta.

Wasu kamfanoni suna ganin sun gama da zarar sun ajiye fayil ɗin llms.txt, wanda Jeremy Howard na Answer.AI ya kawo shawararsa a Satumban 2024, wato taƙaitaccen jagora cikin sassauƙan rubutu da ke nuna wa basira inda muhimman shafuka suke. Wasu kuma suna nuna jadawalin OpenAPI, tsarin da ya samo asali daga Swagger na 2011. Dukansu abubuwa ne masu kyau, kuma rashinsu aibi ne. Amma jadawali zai ce wannan gurbi yana karɓar lamba tsakanin 0 da 1, ba zai ce a 0.3 hoton yana kama da na asali ba, a 0.9 kuma kusan sabo ne ake zanawa. Mai aunawa da ya ba da maki don fayil ɗin yana nan, bai buɗe ya gani ba, ya auna mazubi ne. Tsawo ma ba daraja ba ne. Kowace jumla tana cin wuri a ƙwaƙwalwar wakili, kuma misalin da ya tsufa ya fi rashin misali haɗari, domin wakili yana kwafar misali fiye da yadda yake bin bayani.

Tunda wakili yana ɗaukar bayanin kayan aiki da muhimmanci haka, bayanin ya zama ƙofar ɓarawo. A Afrilun 2025 kamfanin tsaro na Invariant Labs ya nuna yadda za a ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aikin MCP, wanda mutum ba ya gani a allo amma wakili yana karantawa ya bi, har ya kwashe fayilolin sirri ya tura. Saboda haka mai aunawa zai karanta ainihin rubutun da ke isa ga wakili, kalma bayan kalma. Zai kuma duba ko kayan aikin ya faɗi cewa yana danne hoton asali. Ƙa'idar MCP tana da alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya lalata abu, sai dai mai kayan ne ke rubuta su da kansa, don haka iƙirari ne da ke jiran tabbatarwa.

Hoto kuma na mutane ne. Ya kamata takardar ta faɗi inda hoton da aka ɗora yake zuwa, da tsawon zamansa, da ko za a horar da basira da shi. A Nijeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan mai sarrafa bayanan wani, kuma cewa wakili ne ya tura ba zai zama hujja ba. Takardar ta kuma faɗi ko sakamakon yana ɗauke da shaidar asali: Google yana saka alamar SynthID da ido ba ya gani, OpenAI yana saka bayanan C2PA, ƙa'idar da Adobe da Microsoft da BBC da wasu suka kafa a 2021. Bayanan C2PA suna iya zubewa idan aka sake ajiye hoton ta hanyar da ba ta kula da su ba, kuma wakili mai rage girman hoto bayan gyara zai iya goge su bai sani ba. Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki a Agustan 2024, ta tanadi cewa a riƙa yi wa irin waɗannan hotuna alamar da na'ura za ta iya ganewa.

Abubuwa biyu sun shafi masu sauraron nan kai tsaye, kuma ba kasafai jarrabawar da aka tsara a Amurka ko Turai ke ɗauke da su ba. Na farko rubutu ne. Mai buga katin biki ko fostar makaranta zai so a saka rubutun Hausa a hoto, da ƙ da ɗ da ɓ. Manhajojin nan har a Ingilishi suna tuntuɓe da rubutu, OpenAI ma ya lissafa hakan cikin rauninsa. Idan lanƙwasar ƙ ta faɗi, kalmar ta koma wata, wakilin kuma zai ce ya gama. Na biyu fata ce. Binciken Gender Shades na Joy Buolamwini da Timnit Gebru a 2018 ya gano cewa wasu manhajojin tantance fuska suna kuskure har kashi 34.7 cikin 100 a kan mata baƙaƙe, a kan maza farare kuwa bai wuce kashi 0.8 ba. Wancan bincike na tantancewa ne, amma ya koyar da cewa ingancin da aka auna a kan wata fata bai zama hujja a kan wata ba. Umarnin a ƙara wa hoto haske yana iya ƙarewa da fuskar da mai ita ba za ta gane ba. Takardar da ta yi shiru kan harsunan da aka gwada da irin fuskokin da aka gwada, a ɗauka ba a gwada ba har sai an ga shaida.

Ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta da masu ƙananan kamfanonin manhaja da ke cikin wannan zaure: kafin ku ɗora sana'ar wani a kan ɗaya daga cikin waɗannan kayan aiki, ku tara hotunan gida da izinin masu su, masu baƙar fata da zanen atamfa da rubutun Hausa, ku tsara ayyuka goma zuwa ashirin, ku miƙa wa wakili da takardar kamfanin kaɗai, ku ƙirga sau nawa ya ce ya gama bai gama ba. Abin da kuka samu ku rubuta shi, ku aika wa kamfanin, ku kuma raba wa 'yan'uwanku masu wannan sana'a.